Yadda Ake Gasa Kaza da Shinkafa a Tukunya Ɗaya

Ƙorafin da ake yawan kawowa a kan wannan girki iri biyu ne. Wata ta ce kazar ta gasu amma shinkafar garas-garas, wata kuma ta ce shinkafar ta caɓe kamar za a tuƙa tuwo, fatar kazar ta yi fari ba armashi. Duka biyun tushensu ɗaya. A nan kaza da shinkafa tare suke shiga wuta, tare suke fitowa, ba damar buɗewa kina ƙara ruwa kina juyawa yadda ake yi wa dafa-duka. Saboda haka aikin duk a farko yake: irin kazar da kika saya, awon ruwa, zafin ruwan lokacin zubawa, da yadda kika toshe bakin tukunya.

Awon da ke ƙasa na mutum huɗu ne, biyar in akwai yara. Kofin da ake nufi shi ne na awo mai cin mililita 250. In ba ki da shi, gwangwanin madarar ruwa uku ya yi kusan kofi biyu. Abin da kika auna shinkafa da shi, shi za ki auna ruwa da shi.

1. Cefane

Kaza yanka 6 zuwa 8, wajen kilo ɗaya da kwata. Shinkafa kofi 2. Albasa manya 2, tafarnuwa sala 5, ɗanyar citta tsawon babban yatsa, tattasai 3, attarugu 2, karas 2, koren wake ko fis rabin kofi, lemun tsami 1. Kori cokalin shayi 2, tayim 1, masoro dakakke rabin cokali, kanumfari ƙwaya 3, ganyen bay 2, magi 4, gishiri, man gyaɗa cokalin cin abinci 3. Man shanu cokali ɗaya in akwai, don ƙamshi a ƙarshe.

A kan kaza ne ya kamata a tsaya. Buroila, wato kazar gidan gona ta nama, ita ce ta dace, domin namanta yana nuna cikin minti 45 zuwa awa ɗaya, daidai lokacin da shinkafa ke buƙata. Kazar Hausa da tsohuwar kazar ƙwai da aka gama moriyarta sun fi ta ɗanɗano, amma in kika sa su ɗanye a kan shinkafa, shinkafar za ta nuna har ta ƙone su kuwa suna nan da taurinsu. Ba a hana amfani da su ba, sai dai da sharaɗin da ke mataki na 3.

A jikin kazar ma, cinya da ƙafa sun fi ƙirji. Cinya tana da kitse da ƙashi, tana jure wuta, kuma romonta ne ke sauka ya ratsa shinkafar. Ƙirji yana bushewa da wuri. In kaza guda kika saya, a yanka ta takwas, a bar fatar da ƙashin.

Gargaɗi: a wurin masu fiɗa, ko a kasuwar Sabon Gari ne ko Tudun Wada ko Samaru a nan Zariya, ki faɗa musu kada su saɓule fatar, kuma kada su daddatsa ta ƙanana irin na farfesu. Ƙananan yanka suna bushewa kafin shinkafa ta nuna, ga tsinin ƙashi da ke ɓuya a cikin abinci.

Ta fuskar kuɗi, kazar ce ke cinye kaso mafi girma na cefanen, kuma takan yi tsada in salla ta gabato da kuma ƙarshen shekara. Kayan miya sun fi sauƙi da rani lokacin da na fadama ke shigowa, su hau da farkon damina. In kuɗi ya yi kaɗan, ki rage yawan yankan kaza zuwa huɗu ki bar awon shinkafa da ruwa yadda yake. Wuya, ƙafafu da ƙashin baya kada a zubar, su ne romon da za ki dafa shinkafar da shi, ba sai kin sayi komai ba.

2. Tukunya da obin

Ana son tukunya mai faɗi, mai kaurin gindi, faɗinta wajen santimita 28 zuwa 30, wadda yankan kaza za su kwanta a jere ba tare da wani ya hau wani ba. Tukunyar ƙira ta alminiyam mai kauri tana yi sosai. Tire mai zurfi, wajen santimita 33 da 23, shi ma yana yi, sai dai za ki yi suyar farko a kasko sannan ki juye. Ki tanadi takardar foyil, da tsumma mai kauri na ɗaukar zafi.

Gargaɗi: tukunyar da ke da hannun roba, ko murfin da ke da maɗaukin roba, ba ta shiga obin. Kwanon gilashi na gashi kuma ba a ɗora shi a kan harshen wuta, ba a kuma zuba masa ruwan sanyi yana da zafi, fashewa yake yi.

In kina da zaɓi tsakanin gilashi da ƙarfe, ki ɗauki ƙarfe. Ranar da aka ɗauke wuta girki yana tsaka, tukunyar ƙarfe ce kawai za ki iya mayarwa kan risho ko gas ki ƙarasa.

3. Haɗa kazar

Ki wanke kazar da lemun tsami don kashe ƙarni, ki tsane ta a kwando, sannan ki goge kowane yanka da tsumma mai tsabta har ya bushe. Wannan gogewar ana yawan tsallake ta, alhali jiƙaƙƙiyar fata ba ta soyuwa, sulala take yi.

Ki daka rabin tafarnuwar da rabin cittar, ki haɗa da kori cokali ɗaya, rabin tayim ɗin, masoro, magi 2, gishiri cokalin shayi ɗaya da mai cokali ɗaya. Ki ɗan tsaga naman sau biyu ta ɓangaren da ba fata, har wuƙa ta taɓa ƙashi, ki cusa haɗin ciki da ƙarƙashin fata. Ki rufe ki ajiye. A firij awa biyu ya isa, kwana ya fi. In ba firij, minti 30 a inuwa, kada ya wuce awa ɗaya, musamman da bazara a watannin Maris da Afrilu da zafin Zariya ke kai maƙura.

Idan kazar Hausa ce ko ta ƙwai, ki fara tafasa ta da albasa, citta, tafarnuwa da gishiri na minti 30 zuwa 45, har cokali mai yatsu ya fara shiga amma bai ratsa da sauƙi ba. Ki tsame, ki bar ta ta sha iska, sannan ki shafa mata haɗin. Ruwan tafasar ki tace shi, shi ne mafi daɗin romon da za ki samu.

Gargaɗi: wuƙa, katako da robar da ɗanyar kaza ta taɓa a wanke su da sabulu kafin su taɓa karas ko kayan salak. Ki wanke hannu ma.

4. Shinkafa da awon ruwa

Nan ne yawancin tukwane ke lalacewa, don haka a bi a hankali.

Shinkafar da aka turara tun a kamfani, wadda ake kira 'yar gwamnati, ita ce mafi sauƙin sha'ani, ba ta saurin caɓewa. Kofi 2 nata na buƙatar ruwa kofi 4 ba kwata, wato uku da kashi uku cikin huɗu. Abin da ya sa bai cika huɗu ba shi ne kaza da albasa da tattasai duk za su saki nasu ruwan a ciki. 'Yar Hausa da aka turara a gida ana yi mata awo iri ɗaya, sai dai a rege ta sosai saboda tsakuwa, kuma in tsohuwa ce da ta daɗe a buhu ki cika kofi huɗun, don tsohuwar shinkafa ta fi shan ruwa. Basmati kofi 3 kacal take so, bayan an jiƙa ta minti 20 an tsane. Ɗanyar shinkafa ta tuwo ko ta waina ba ta wannan girki ba ce.

Ki wanke shinkafar sau uku ko huɗu har ruwan ya daina fari, ki zuba a kwando ta tsane na minti 10. In kika zuba ta da ruwan wanki a jikinta, kin ƙara abin da ba ki auna ba.

Gargaɗi: kada ki yi mata tafasar farko irin ta farar shinkafa ko jalof. Ɗanya za ta shiga. Wadda aka riga aka tafasa in ta yi awa guda a obin, tuwo za ki sauke.

Romon da za ki zuba, ko na ƙasusuwan kaza ne ko ruwa da magi 2, ki auna shi bayan ya tafasa, ba kafin ba, domin tafasa tana rage shi. Ki bar shi a kan ƙaramar wuta yana jiran ki.

5. Kunna obin

Ki kunna shi minti 15 kafin tukunya ta shiga, a digiri 180. A obin ɗin gas mai lambobi, lamba 4 ke nan. Ragar ta zauna a tsakiya. Yawancin obin ɗin gas wutarsu daga ƙasa take, don haka in kin san naki yana ƙona gindin kek, ki sa wani tire ba komai a ragar ƙasa ya tare zafin.

Wanda ba shi da lamba, irin na ƙirar gida, ki gwada shi da garin fulawa: ki barbaɗa kaɗan a faranti ki sa a ciki. In cikin minti biyar ya yi ruwan zuma, zafin ya yi. In ya yi baƙi, rage wuta.

Gargaɗi: a obin ɗin gas, buɗe ƙofa, ƙyasta ashana, sannan ki murɗa. In bai kama ba, ki kashe ki bar ƙofar a buɗe na wasu mintoci kafin ki sake gwadawa. Na lantarki kuma yana jan wuta da yawa, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa.

6. Suyar farko

Ki ɗora tukunyar a wuta matsakaiciya da mai cokali biyu. In ya yi zafi, ki jera kazar fata a ƙasa, ki ƙyale ta minti 4 zuwa 5 ba taɓawa, har ta yi ja ta saki gindin tukunya da kanta. Ki juya, minti ɗaya ko biyu, ki kwashe. Ba dafa ta ake son yi ba, launi ake nema da kuma narkar da kitsen fata. In tukunyar ba za ta ɗauke su duka da sarari ba, ki yi sau biyu.

Buroila tana sakin mai da yawa. Ki rage ki bar kamar cokali uku, in ba haka ba shinkafar za ta yi maiƙo ta gundure mai ci. Abin da ya kama a gindin tukunya mai launin ƙasa kada ki kankare ki zubar, nan ɗanɗanon yake. In baƙi ne ƙirin, wannan ƙuna ce, a goge.

Ki zuba yankakkiyar albasa ki soya minti 5 har ta yi laushi, sai sauran tafarnuwa da citta minti ɗaya. Ki zuba jajjagen tattasai da attarugu ki soya har ruwansa ya ƙone mai ya fara fitowa a gefe. Sai sauran kori da tayim, kanumfari, ganyen bay da karas da aka yanka ƙanana. Daga nan ki zuba shinkafar ki juya ta cikin man na minti 2. Wannan 'yar suyar ce ke taimaka mata ta fito wara-wara.

Mai son launin ja tana iya sa tumatirin leda ko na gwangwani cokali ɗaya a soya shi tare da jajjagen. Ɗanyen markaɗen tumatir kuwa ba a zuba shi, ruwa ne da ba a lissafa ba, kuma tsaminsa yana sa shinkafa jinkirin nuna.

7. Zuba ruwa, jera kaza, rufewa

Ki zuba romon yana tafasa, ki kankaro gindin tukunya da cokalin katako, ki ɗanɗana. Ya kamata gishirin ya ɗan ɗara na miya kaɗan, domin shinkafa za ta shanye. Wannan ce damarki ta ƙarshe ta gyara ɗanɗano, kuma ki ɗanɗana kafin kaza ta koma ciki, don har yanzu cikinta ɗanye ne.

Ki baje shinkafar ta kwanta daidai, kowace ƙwaya a ƙarƙashin ruwa, har waɗanda suka manne a jikin tukunya ki turo su. Ki jera kazar a sama, fata tana kallon sama, ki juye ruwan da ta tsatso a faranti. Ki bari ya sake tafasowa sau ɗaya, ki kashe wuta.

Ki rufe da foyil ninki biyu, ki matse bakin ko'ina da tsumma a hannu, sannan ki ɗora murfi in akwai. Tururi ne ke dafa shinkafar, duk inda ya sami ƙofa ta nan ruwanki zai gudu.

Gargaɗi: ruwan sanyi ko mai ɗumi-ɗumi shi ne babban dalilin garas-garas. Obin yana daɗewa kafin ya tafasa ruwa, kusan rabin lokacin girkin zai tafi a ɗumama shi kawai.

8. Gashi

Minti 40 a rufe a digiri 180, basmati minti 30. Kada ki buɗe ƙofar obin, kada ki ɗaga foyil, komai ƙamshin da ya cika gida.

In lokaci ya cika, ki fito da ita ki ɗaga foyil daga ɓangaren da ba ya kallon fuskarki, tururin yana ƙuna. Ki sa cokali a gefe ki duba gindi. Abin da ake so shi ne ruwa ya kusa ƙarewa, saura danshi, shinkafar ta yi laushi da ɗan ƙarfi kaɗan a tsakiya. Ki barbaɗa fis ko koren wake tsakanin yankan kaza ki ɗan tura su ciki da cokali, ki shafa man shanu a fatar. Ƙirjin kaza in akwai, ki cire shi yanzu ki rufe a faranti, ya riga ya nuna.

Ki ƙara wuta zuwa digiri 200, lamba 6 a na gas, ki mayar a buɗe na minti 15 zuwa 20 har fatar ta yi ja ta ƙame. In obin ɗinki yana da wutar sama, minti uku na ƙarshe ki kunna ta, amma ki tsaya a wurin, don tsakanin ja da baƙi ba nisa.

Ga abin da za ki yi in kin tarar da matsala lokacin buɗewa. Ruwa ya ƙone shinkafa da saura: ki yayyafa tafasasshen ruwa rabin kofi ta gefe, ki sake toshewa, minti 10. Shinkafa ta nuna ruwa da saura: ki kwashe kazar gefe, ki bar tukunyar a buɗe a obin minti 10, kada ki juya, juyawa ce ke caɓa ta. Aka ɗauke wuta: kada ki buɗe, obin yana riƙe zafi na ɗan lokaci. In minti goma suka wuce ba a kawo ba, ki mayar da tukunyar kan gas a wuta mafi ƙanƙanta, ki sa tsohon kasko a ƙarƙashinta, ki ƙarasa sauran mintocin.

Nunar kaza ana gane ta a cinya, wurin da ya fi kauri kusa da ƙashi. Ki soka wuƙa, ruwan da zai fito ya zama garau ba jini. Mai ma'aunin zafin nama, digiri 74 ne mafi ƙaranci, cinya kuma ta fi daɗi in ta kai 80. Ƙashin ƙaramar buroila yakan yi duhu ko ja-ja ko da ta nuna, wannan daga ɓargo ne, naman za ki duba.

9. In babu obin

Gawayi yana yin wannan girki da kyau, in aka raba wutar. Bayan mataki na 7, ki rage garwashin kurfoti ya zama kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin uku, ki barbaɗa masa toka ya lafa. Sauran kashi biyun ki jera su a kan murfin ƙarfe, wanda aka kifa ko mai faɗi, da foyil a ƙarƙashinsa don kada toka ta faɗa. Kowane minti 15 ki juya tukunyar kwata, saboda ba ko'ina wuta ke ci daidai ba. Lokacin ya yi kusan ɗaya da na obin. A minti 15 na ƙarshe ki cire foyil, ki ƙara garwashi a sama, ki ɗan goce murfin tururi ya fita. Da hunturu iska tana cinye garwashi da sauri tana kuma sanyaya gefen tukunya, sai a nemi lungu a kuma tanadi ƙarin gawayi.

Gargaɗi: kada sanyi ya sa a shigar da kurfoti ɗaki ko kicin a rufe ƙofa da taga. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.

10. Hutawa, zubawa da ajiya

In kin sauke, ki ɗora foyil sama-sama ba matsewa, ki ba ta minti 10. A wannan lokacin danshin ƙasa ke hawa sama, ƙwayoyin da suka bushe a fuska su yi laushi, gindin kuma ya saki tukunya. Sai ki kwashe kazar, ki tsince ganyen bay da kanumfari, ki wargaza shinkafar da cokali mai yatsu daga ƙasa zuwa sama. Ɗan ƙanzon da ke gindi in ja ne a raba shi, akwai masu nemansa. Ana ci da salak na kabeji da kokwamba, yankan lemun tsami, da yaji a gefe ga wanda attarugu biyu bai ishe shi ba.

In za ki ninka don baƙi, tukunya biyu ta fi guda mai zurfi. Shinkafa in ta yi tudu da yawa, ƙasa caɓewa yake yi sama bai nuna ba.

Ragowa kada ta kwana a tukunya a rufe. Dafaffiyar shinkafa da ta daɗe da ɗumi tana haifar da ƙwayar cuta mai sa amai da gudawa, kuma ɗumame ba ya kashe gubarta. Ki baje ta a faranti ta huce, ta shiga firij cikin awa ɗaya zuwa biyu, a cinye washegari. Wajen ɗumamawa ki yayyafa ruwa cokali biyu, ki rufe, ta yi zafi har tururi ya tashi daga tsakiya, kuma sau ɗaya ake ɗumama ta. In wutar unguwarku ba ta tsayawa har firij ya riƙe sanyi, ki raba ragowar a daren.